Kawu Mai Sinimar Hindawiyya

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, aka yi masa salla bayan La'asar, kafin Magariba har an jera kujeru. Da a tsohuwar unguwarmu Karantina ne, da titi za a tare, a ja wayar fitilu daga wannan gida zuwa wancan, duk mai wucewa ya san an yi rashi. Amma Karantina babu ita yanzu. Sai aka kama wani ɗakin taro a gabashin Jidda, maza a ƙasa mata a sama, kwana uku ana karɓar gaisuwa tsakanin Magariba da Isha'i kamar yadda ake yi a nan.

Na zauna kusa da Inna, wadda ita ce ƙanwarsa kuma ita kaɗai ta rage a cikinsu, ina sauraron masu gaisuwa. Wannan ta ce, "Allah ya ji ƙansa, mai gyaran rediyon unguwarmu." Waccan ta ce, "Sahun farko bai taɓa wuce shi ba." Wata ta ce shi ya gyara mata fanka bai karɓi ko kwabo ba. Duk gaskiya ne. Sai dai kafin a tashi na lura bakin kowa ɗaya ne, kamar an raba musu karatu. A hanyar gida na tambayi Inna, ta kau da kai ta ce Yaya ne ya roƙi mutane. Yaya shi ne babban ɗan Kawu. Ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Don Allah kada a tayar da zancen da. Babana ya bar wannan harka tun kafin a haifi rabin mutanen nan. A rufa masa asiri."

Wannan kalma ce ta tsaya mini a rai. Asiri ake rufa wa ɓarawo da mazinaci. Me Kawu ya yi?

A rana ta biyu aka turo Gwaggo a keken guragu. Ba jininmu ba ce, amma duk 'ya'yan Karantina Gwaggo muke ce mata. A zamaninta ita ce mai bandirin da ba a bikin da ya amsa sunansa sai da ita. Kunnenta ya yi nauyi, don haka ba ta iya raɗa ba. Wata baiwar Allah ta sunkuya tana yi mata bayanin wanda ya rasu, ta ce mai gyaran rediyo ne. Gwaggo ta ɗago kai ta dube ta.

"Wane mai gyaran rediyo? Mai sinima dai. Shekara goma sha ina aiki a hannunsa. Ku da kuka zo jiya za ku gaya mini wanda ya mutu?"

Wasu suka sunkuyar da kai, wata ta shiga rarraba gahawa da sauri. Inna kuwa, wadda tun da aka yi rasuwar ba ta zubar da hawaye ba, sai ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take. Da na leƙa sai na ga dariya ce da kuka a haɗe.

A nan na yanke cewa zan rubuta wannan. Hausata ta Jidda ce, a bakin Inna na tsince ta, kuma 'ya'yana suna jinta amma da Larabci suke ba ni amsa. Duk da haka da ita zan rubuta, don da ita Kawu ya yi aikinsa.

An haife shi a Karantina. Iyayensu da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano, suka yi shekaru a Sudan suna noma kafin su tsallako teku, suka yi hajji suka zauna. Yana saurayi ya yi dako a tashar jirgin ruwa, daga nan ya samu aiki a gidajen wani kamfani na Turawa, inda suke nuna wa kansu fim duk ƙarshen mako. Aikinsa ɗaukar gwangwanayen fim ne. Ya yi ta kallon yadda ake zura zaren a injin majigi har ranar da mai injin ya kwanta rashin lafiya, shi ya kunna. Bayan 'yan shekaru ya kama hayar wani hosh a unguwar Hindawiyya, wato fili mai katanga babu rufi, ya shafe bango ɗaya da farar ƙasa, ya jera bencina.

Ina ƙarama ƙwarai a ƙarshen zamanin hosh ɗin, amma ban manta ba. Maza ne a ƙasa. Mu mata da yara a kan soron maƙwabta muke, muna leƙe. Finafinan na Masar ne da na Indiya, kuma da yawa cikin 'yan kallo sababbin zuwa ne da ba su ji Larabci ba tukuna. Sai Kawu ya tsaya gefen bango yana fassara musu da Hausa. Fassarar tasa ba ta tsaya kan abin da aka faɗa ba. Jarumi zai yi dogon jawabin soyayya, Kawu ya ce, "Ya ce yunwa yake ji." Har Larabawan da ba su san Hausa ba sukan dawo don su ji abin da yake sa mutanenmu faɗuwa daga benci.

Mutum ne dogo, siriri, da mataji a aljihun gaba ko da gashin ya ƙare. Ba ya shan shayi sai da na'ana'a, kuma ba ya kiran kowa da sunansa. Kowa tauraro ne. Mai shara tauraro, liman tauraro, ni ma tauraruwa tun ina rarrafe. Yakan ce, "Babu fuskar da kamara ba ta so. Mai haƙurin nema ne ya yi ƙaranci."

Sinimar ita mutane suka fi tunawa, amma babban aikinsa wakilcin masu wasa ne. Yana da wani ɗan ofis a ƙarƙashin matakala, tebur ɗaya da tarho ɗaya. In gidan masu hali za su yi biki suna son makaɗa ko mawaƙa, ko ana neman mai murya ko mai ganga don wani shiri, shi ake kira. Kafin shi, mutanenmu sukan je su yi wasa har muryarsu ta dushe, a ba su ragowar abinci a tsakar gida, a ce "Takarir ɗin nan sun iya kiɗa." Takarir shi ne sunan da ake kiranmu da shi duka, babu wanda ake tambaya sunansa.

Gwaggo ta ba ni labarin ranar da abin ya canza, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ya ɗauko su su biyar a motarsa zuwa wani babban gida. Mai gadi ya ce su zagaya ta ƙofar kicin. Kawu ya leƙo ta taga ya ce, "Mawaƙiyar da kuka kawo daga ƙasar waje bara, ta ina ta shiga?" Mai gadi ya ce wannan daban. Kawu ya ce tayyib, wato to shi ke nan, ya ja mota zuwa bakin titi, ya kashe, ya buɗe jarida.

"Muka ce masa, kai Malam, mu shiga mana, ƙofa ai ƙofa ce," in ji Gwaggo. "Ko kallonmu bai yi ba. Ya ce wanda ya shiga ta ƙofar baya, ta nan za a sallame shi. Zafi kamar a gasa mu. Ni har na fara zaginsa a zuci."

Sun fi awa guda a nan. Cikin gida mata sun cika, amarya ta shirya, babu kiɗa. Daga ƙarshe baffan ango da kansa ya fito ya buɗe babbar ƙofa. Kawu ya naɗe jarida, ya fito ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce sauran abu ɗaya: in sun shiga, uwar biki ta faɗi sunan kowace ɗaya a gaban mutane. Aka faɗa. Gwaggo ta ce a ranar ta fara jin sunanta a bakin matar da ba ta taɓa amsa sallamarta ba.

Fim ɗin nasa kuwa fushi ne ya haife shi. Wani darakta ya zo daga ƙasar waje, aka ce masa in yana neman baƙaƙen mutane ga wanda zai gani. Suka haɗu a otal. Daraktan ya ce yana son mutum ashirin, za a kai su a biya su da kyau, aikinsu su tsaya bayan sarki da mafici, bayi ne a labarin.

Kawu ya ce, "Wanne ne zai yi magana a cikinsu?"

Mutumin ya yi dariya ya ce bawa ai ba ya magana.

Kawu ya shanye shayinsa ya ce, "To ni ba ni da bayi. Ina da direbobi, ina da tela, ina da ladanin da in ya kira salla ana ji har bakin teku. In mutane kake so, ka zo Karantina ka sha shayi da su."

Ba kowa ne ya yaba masa ba. Akwai magidantan da suka sa rai da tafiyar, suka ce ya hana su abinci don girman kansa, wasu har suka mutu ba su sake gaishe shi ba. Ban ce ba su da hujja ba. Shi dai ya sayar da motarsa, ya sayi wata tsohuwar kamara a hannun wani Bature da zai koma gida, ya ce zai yi fim ɗin da kowa a ciki yake da suna.

Labarin mai sauƙi ne: wata mata ta sauka daga jirgin alhazai tana neman wanta a lungunan Karantina, tana tambaya gida gida. Kamarar ba ta ɗaukar murya, shi zai riƙa yin muryoyin a gefen bango. Maza ya samu da yawa. Mace ce ta gagara, har Gwaggo ta ƙi. Inna ce ta yarda, tana amarya, watanni kaɗan da aurenta da Baba, mahaifina. Sharaɗinta ɗaya: Kawu ya je ya nemi izinin mijinta da bakinsa. Ya ce mata halas, an gama.

Bai je ba. Wannan laifinsa ne, kuma ba zan goge shi don ya mutu ba. Ya san Baba zai hana, sai ya zaɓi a gama tukuna. Baba ya ji ne a tashar jirgi, a bakin wani abokin aiki da ya ce masa, "Jiya na ga iyalinka a bango." Da yamma ya shiga hosh ɗin ana tsakiyar nunawa, ya tsaya a gaban hasken, inuwarsa ta rufe bangon gaba ɗaya.

"Ka sayar da mutuncin gidana," in ji shi.

Kawu ya ce, "Ban sayar ba. Yau kyauta ake shiga."

Da ba a riƙe Baba ba da an yi jini. Inna ta yi wata uku a gidan iyayenta kafin a sasanta. Baba da Kawu kuwa suka yi shekaru ba sa ga-maciji. In sun haɗu a masallaci, ɗaya ya bi ta wannan ƙofa ɗaya ya bi ta waccan. A cikin wannan gaba aka haife ni, kuma ta bayan gida Inna take kai ni wurinsa.

Abin da ya kashe gabar shi ne ranar da aka kama Baba. Shi ba haifaffen nan ba ne. Kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a wurin hukuma, ya mutu, takardarsa ta izinin zama ta ƙare, aka tare shi a hanyar aiki, aka ce za a mayar da shi ƙasar da ya baro tun yana saurayi. Inna ba ta gaya wa Kawu ba, amma washegari da safe aka gan shi a ƙofar inda ake tsare da su, da mataji a aljihu. Kullum sai ya je. Da rana kuma ya bi gidajen da ya taɓa kai wa makaɗa, yana shiga ta babbar ƙofa, har ya samu wanda ya yarda ya zama sabon kafili. Ranar da aka saki Baba, tasi ɗaya suka shigo shi da Kawu har gida. A bakin ƙofa Baba ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Ka sha shayi?" Kawu ya ce, "In akwai na'ana'a." Iyakar sulhun ke nan, ba su taɓa komawa kan zancen ba.

Daga baya iska ta juya, aka rufe sinimomi. Kawu ya rufe tasa ranar da aka ce a rufe, bai yi gardama da hukuma ba. Amma sai wasu mutanen unguwa suka zo gidansa, suka ce ya fito da gwangwanayen fim ɗinsa a ƙona a gaban jama'a, don a san ya tuba. Ina wurin, ina bayan labule. Ya dubi wanda yake jagorantarsu ya ce, "Tauraro, ba kai ne na benci na uku ba, gefen hagu? Duk ranar da uwar jarumi ta mutu kai kake fara kuka. Tuba tsakanina da Ubangijina ne, kullum ina yi, kuma ina da abin tuba da yawa. Amma ba zan ƙona fuskokin maƙwabtana don ku ji daɗi ba." Ya ba su shayi suka sha suka tafi. Bayan nan ne ya buɗe shagon gyaran rediyo.

Wanda ya biya wannan taurin kai Yaya ne, dole in faɗa. A makaranta ɗan mai sinima ake kiransa. Da ya girma ya nemi wata yarinya, iyayenta suka ce ba sa haɗa zuri'a da gidan kiɗa da hoto. Ya zo ya gaya wa mahaifinsa, Kawu ya ce, "Sun yi asara," ya ci gaba da kwance rediyo. Bai taɓa zaunar da shi ya ce na san ka sha wuya saboda ni ba. Mutumin da ya iya tsaya wa kowa bai iya wannan ba.

Da aka sake buɗe sinimomi a manyan kantuna, na kai shi sau ɗaya, yana dogara sanda. Ya zauna har aka gama. Da muka fito na ce, "Kawu, ya ka gani?" Ya ce, "Kujerar da laushi. Amma mutum ɗari a ɗaki, babu wanda ya ce wa na kusa da shi komai. Makoki ake?"

Sai kuma aka zo aka shafa jan fenti a bangayen Karantina, alamar rusau. Muna kwashe kayansa ya ce sai an fara da tsohon firjin da ke ɗakin baya, wanda ya mutu tun ina budurwa. A ciki ya ɓoye gwangwanayen. Da muka buɗe, wani wari mai tsami ya buge mu. Zafin Jidda ya cinye su, zaren ya manne ya zama kamar ƙaro. Ya buɗe ɗaya, ya buɗe biyu, ya buɗe na uku, sannan ya ce, "Halas," ya juya fuska bango. Ƙarami guda ɗaya ne kawai ya ga alamar rai a jikinsa. Ya miƙo mini ya ce, "Riƙe, tauraruwa. Kada ki ba Yayanki." Daga nan aka kai shi gidan Yaya, hawa na huɗu, kuma Yaya ya riƙe shi da kyau har ƙarshe, shi yake yi masa wanka da hannunsa.

A rana ta uku ta zaman makoki na tare Yaya a matakala. Ɗan kawuna ne, abokin wasana, don haka ina iya gaya masa abin da wasu ba za su iya ba.

Na ce, "Yaya, zan rubuta labarin Kawu. Duka."

Ya ce, "Ke ba ki sha abin da na sha ba."

"Ban sha ba. Shi ma zan rubuta."

Ya ce, "Ina da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba."

Na ce, "To su san ko jikokin wa ne, kafin wani ya gaya musu da izgili."

Ya ce Allah ya shirye ni, ya sauka. Har yau bai kira ni ba, ni kuma ban fasa ba.

Bayan mako biyu na karɓo abin da wani mai shago ya iya cetowa daga ƙaramin gwangwanin. Minti kaɗan ne, babu murya, hoton yana rawa. Na kunna wa Inna a talabijin da safe bayan ta karya. Sai ga lungun Karantina, da igiyoyin shanya, da akuya a bakin ƙofa. Sai ga wata yarinya siririya da ƙunshin kaya a ka tana ƙwanƙwasa gida. Inna ta ce, "Ji wuya kamar na zabuwa," ba ta ƙara ba. Ba kanta take kallo ba, bayanta take kallo. Ta shiga nunawa da yatsa: wannan gidan tela ne, wancan mai tsaye ladan ne, wannan ya mutu a teku, waccan an mayar da ita gida ba a sake jin labarinta ba. Na ɗauko biro ina rubutawa.

Can sai ta ce, "Tsaya. Mayar baya."

Na mayar. A gefen hoton wata dattijuwa ta fito daga wani gida da faranti a hannu, ta ga kamara, ta daka wa mai riƙe da ita harara, ta kaɗa masa hannu alamar ya kauce mata daga hanya, ta wuce. Ko daƙiƙa biyar ba ta yi ba.

Inna ta sauko daga kujera ta durƙusa a gaban talabijin. Ta ce, "Innarmu ce. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Na manta yadda take tafiya."

Sau goma sha ɗaya na mayar mata a safiyar nan.

Allah ka gafarta wa Kawu abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yafe masa haƙƙin ɗansa, ka yalwata masa kabarinsa. Mu kuma da muka rage, ka ba mu bakin faɗin abin da muka gani.